Yadda Ake Ɗaukar Hoton Motsin Kalsiyam a Ƙwan Tauraron Teku, Daga Nuna Zuwa Haɗuwa da Maniyyi

Tambayar da masu fara wannan aiki suka fi yi ita ce: me ya sa igiyar kalsiyam, wato ƙaruwar kalsiyam da ke ratsa ƙwai daga gefe zuwa gefe, take fita tas a hotunan wasu, amma a nasu sai duhu, ko haske barkatai daga wurare uku? Da wuya laifin ya zama na maikroskof. Akan ɓata aikin ne tun wajen wanke ƙwai, ko wajen yi masa allura, ko a zaɓen mintin da za a zuba maniyyi.

Ƙwan tauraron teku yana tsaye cak a farkon rabuwar meyosis, wato rabuwar da ƙwai ke yi yayin nuna don ya shirya haɗuwa da maniyyi, da ƙatuwar cibiyarsa da ake kira GV, har sai ya sami homon 1-metiladenin, wato 1-MA, wanda Haruo Kanatani da abokan aikinsa suka gano a 1969. Ke nan agogon yana hannun mai bincike. Motsi biyu ake nema: ƙarami jim kaɗan bayan homon, da babba bayan maniyyi ya taɓa ƙwai.

Kayan aiki

Tankin ruwan teku mai sanyaya ruwa, ƙaramin almakashi, matsefata mai tsini, raga mai ƙananan ƙofofi, gilasan rufi sirara, maikroskof na fiɗa, da maikroskof mai hasken ƙyalli da kyamara. Sai kayan allura: na'urar jan allurar gilashi, hannun sarrafa allura, da injin tura iska. A sinadarai akwai 1-MA, rinin kalsiyam (mai ƙara haske idan ya kama kalsiyam) mai haɗe da dekstiran (wani dogon sukari), ionomycin (mai buɗe wa kalsiyam hanya ta fatar ƙwayar halitta), da histidin (mai tayar da maniyyi).

Kuɗin ya fi tafiya a maikroskof da kayan allura. Rinin yana da tsada idan aka duba awonsa, amma miligiram kaɗan za su kai dogon lokaci, tunda abin da ƙwai ɗaya ke sha bai wuce fikolita 60 ba. Ba dole sai maikroskof na konfokal ba, wato mai ɗaukar hoton siririn yanki ɗaya na cikin ƙwai. Na ƙyalli gama-gari ya isa a ga igiyar. Konfokal yana amfani ne idan abin da ke faruwa a gefen ƙwai ake bibiya.

1. Zaɓen dabba da ajiye ta

Jinsi uku ne aka fi aiki da su: Patiria miniata ta gaɓar Pasifik a Arewacin Amurka, Patiria pectinifera ta Japan (a tsofaffin rubuce-rubuce Asterina pectinifera), da Astropecten aranciacus ta Bahar Rum, wadda cibiyar nazarin halittun teku ta Anton Dohrn da ke Naples ta yi fice da ita. Kowace da lokacin hayayyafarta, don haka a tambayi mai kawo su ko jakunkunan ƙwan sun cika kafin a biya.

A riƙe miniata a kusan digiri 15 na Salshiyas, aranciacus kusan 16. Gwajin pectinifera akan yi shi a kusan 20. Kada wani abu na tagulla ya taɓa ruwan tanki, guba ne gare su.

Gargaɗi: ɗumin ruwa na bagatatan yana iya sa su zubar da ƙwai da maniyyi gaba ɗaya a tanki. Da zarar an gane jinsinsu, a raba maza da mata.

2. Haɗa ruwa iri biyu

Na farko ruwan teku ne cikakke, a tace shi da matata mai ƙofa maikromita 0.22 ko 0.45, pH tsakanin 8.0 da 8.2. Idan haɗawa za a yi: NaCl 423 mM, KCl 9 mM, CaCl2 9 mM, MgCl2 23 mM, MgSO4 25 mM, NaHCO3 2 mM. Na biyu shi ne wanda babu kalsiyam: a cire CaCl2, a ƙara NaCl kimanin 14 mM don cike gurbin.

A ware kwanukan gilashin da ba su taɓa ganin sabulu ko sinadarin daskarar da nama irin su fomalin ba, a yi musu alama, a riƙa ɗauraye su da ruwa zalla. Ɗan ɓurɓushin sabulu ya isa ya hana haɗuwa, kuma babu alamar da zai nuna sai dai a ga maniyyi yana zagaye ƙwai a banza.

3. Ciro jakar ƙwai

Ba a gane mace da namiji ta waje. Kowane hannu na dabbar yana ɗauke da jaka biyu kusa da gindinsa. A huda ɗan rami na milimita 3 zuwa 4 a saman hannun, kusa da inda ya haɗu da jiki, a zura matsefata a jawo ɗan yanki. Jakar ƙwai takan yi ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, ta maniyyi fara ce ko mai ratsin madara. A mayar da dabbar tanki. Ramin yana warkewa, kuma ana iya komawa wani hannun daga baya.

A wanke matsefata da ruwan famfo tsakanin dabba da dabba. Ruwa marar gishiri yana kashe maniyyi nan take, kuma ƙwayar maniyyi ɗaya da ta maƙale a tsinin matsefata za ta iya riga mai bincike isa ga ƙwai.

4. Raba ƙwai da ƙwayoyin folikul

A nan ne aka fi yin asara. Kowane ɗanyen ƙwai yana lulluɓe da siririn layin ƙwayoyin folikul, kuma su ne ke samar da 1-MA a jikin dabbar. Idan aka bar su, wasu ƙwai za su nuna da kansu tun ba a fara ɗaukar hoto ba.

A saka yankin jakar a ruwa marar kalsiyam mai sanyin ƙanƙara, a tsattsaga shi da almakashi, a girgiza a hankali har ƙwai su zubo. A tace ta raga don fitar da tarkacen nama. A bar ƙwai su kwanta da kansu, a zuƙe ruwan sama, a sake zuba sabo, sau biyu ko uku. A riƙa leƙawa da maikroskof na fiɗa. Da zarar gefen ƙwai ya yi sumul babu 'yan ƙuraje manne da shi, a mayar da su cikakken ruwan teku, a ɗauraye sau uku.

Gargaɗi: kada zaman ƙwai a ruwa marar kalsiyam ya wuce 'yan mintuna. Daɗewa yana taɓa tsarin zaren furotin aktin da ke ƙarƙashin fatar ƙwai, kuma wannan tsarin yana da hannu a yadda igiyar za ta fita daga baya. Saboda haka ne wasu masu aiki da aranciacus ba sa amfani da wannan ruwan sam, sai su tace ta ƙyallen raga su yi ta ɗauraya a ruwan teku na asali. Idan jinsin da ke hannu ya yarda da haka, ita ce hanyar da ta fi.

Kada a yi ta zuƙa da fesawa da ƙarfi. Yauƙin da ke kewaye da ƙwai shi ke sa maniyyi ya fitar da dogon zaren da yake kama ƙwai da shi, zaren da yakan kai maikromita 20 ko fiye. In yauƙi ya tafi, haɗuwa ta yi wuya.

A bar ƙwai su huta minti 30 zuwa 60. A zaɓi manya, masu cikakken zagaye, masu GV garau da ɗan ɗigo a cikinsa. Na miniata sukan kai maikromita 180. Idan bayan hutun an ga da yawa GV ɗinsu ya ɓace ba tare da homon ba, a zubar da rukunin, a nemi wata macen.

5. Haɗa rini da cika allura

Rinin da ake jiƙa ƙwayoyin halitta a ciki, nau'in AM, ba ya kama ƙwan halittun teku da kyau: ƙwan yana fitar da shi, ko ya tara shi a wasu lunguna. Allura ce mafita. A yi amfani da Calcium Green-1 ko Oregon Green 488 BAPTA-1 mai haɗe da dekstiran na 10 kDa. Duka biyun hasken 488 nm ke tayar da su, su ba da kore.

A narkar da rini miligiram 5 a kowace mililita ta ruwan allura: fotasiyam asfatet 100 mM da HEPES 10 mM, pH 7.0. A rarraba shi maikrolita kaɗan-kaɗan, a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, nesa da haske. Kafin cika allura a juya shi a na'urar juyi da ƙarfi na minti 5 zuwa 10, a ɗebi na sama. Mafi yawan toshewar allura daga tsallake wannan matakin take.

Dekstiran na 10 kDa yana ratsa ƙofofin cibiya ya shiga GV, na 70 kDa kuwa a waje yake tsayawa. Mai son raba abin da ke faruwa a cibiya da na sauran ƙwai zai iya cin moriyar wannan bambancin.

6. Yin allura

A jera ƙwai a ɗakin riƙewa irin na Kiehart, wato tsakanin gilasan rufi biyu da ɗan tazara da ke riƙe ƙwai ba tare da latse shi ba. Idan aka matse ƙwai ya baje, lulluɓin haɗuwa, wato fatar da ke ɗagowa kewaye da ƙwai bayan maniyyi ya shiga, ba zai sami wurin tashi ba, maniyyi ma ba zai kai gare shi ta ko'ina ba.

A auna abin da allura ke fitarwa ta hanyar fesa ɗigo a cikin mai. Ƙwai mai faɗin maikromita 180 yana da girman kusan nanolita 3. Kashi 1 cikin 100 nasa fikolita 30 ne, wato ɗigo mai faɗin kusan maikromita 39. A tsaya tsakanin kashi 1 da 2. Rinin kansa mai kama kalsiyam ne, idan ya yi yawa sai ya shanye motsin da aka zo gani, igiyar ta yi sanyi ta rage gudu.

A soka daga ɓangaren da ke nesa da GV, da bugu ɗaya mai sauri, a fitar da allura a hankali. Kalsiyam na cikin ƙwai mai hutawa kusan 100 nM ne, na ruwan teku kusan 10 mM, ninki dubu ɗari. Kowace huda tana shigar da kaɗan. A ba ƙwai minti 15 zuwa 20 rini ya bazu, fata ta rufe. Duk wanda wurin hudarsa ya ci gaba da haske, ko cikinsa ke ɓulɓulowa, a fitar da shi.

A bar wasu ƙwai na uwa ɗaya ba tare da allura ba a wani kwano. Su ne ƙwan shaida, kuma da su za a kwatanta komai.

7. Saita maikroskof

Madubi mai ninki 10 ko 20 ya wadatar, a daidaita shi a tsakiyar ƙwai. A rage hasken tayarwa iya raguwa, a saita kyamara yadda hasken ƙwai mai hutawa zai zauna a ƙasan ma'auni, don a bar wa tashin wuri. Hoto ɗaya kowace daƙiƙa 2 zuwa 3 ya isa bin igiya, amma walƙiyar gefe, wato hasken da ke kama duk zagayen ƙwai lokaci guda, ba ta wuce 'yan daƙiƙu ba, sai an ɗauki hoto ɗaya ko biyu a kowace daƙiƙa.

Fitilar maikroskof tana ɗumama ɗigon ruwa da sauri, ruwan kuma yana ƙafewa gishiri ya ƙaru. A sanyaya ɗakin ko teburin maikroskof zuwa zafin da jinsin ya saba da shi.

8. Zuba 1-MA

Nauyin 1-MA giram 149 ne a kowane mol, don haka miligiram 14.9 a mililita 10 na ruwa zai ba da 10 mM. A rarraba, a daskarar. A kan ƙwai ana son tsakanin 1 da 10 µM. Daga waje yake aiki, ta mai karɓa da ke kan fatar ƙwai. Idan aka yi allurarsa ciki ba ya sa ƙwai ya nuna.

A fara ɗaukar hoto minti ɗaya kafin zubawa, a zuba daga gefen ɗaki a hankali kada ƙwai su motsa, a rubuta lambar hoton da aka zuba a kansa. Cikin minti ɗaya zuwa biyu za a ga ɗan tashin haske, ƙarami idan aka kwatanta da na haɗuwa, ya kuma lafa da wuri. Wanda ya tsaya rufe kwalba kafin ya danna kyamara ya riga ya rasa shi.

A bar homon a kan ƙwai har GV ya narke. Akwai mintunan farko da ƙwai ke buƙatar homon ba yankewa, in aka wanke shi a cikinsu nunar ta tsaya. A jinsunan Patiria GV yakan narke minti 20 zuwa 30 bayan homon, a aranciacus ya fi haka jinkiri. Idan ƙwan da aka yi wa allura sun makara sosai a kan ƙwan shaida, allurar ta yi musu illa.

A kiyaye da fassarar wannan ɗan tashin. A 1978 Moreau da abokansa sun gan shi da sinadarin ekorin, wanda ke haskawa idan ya kama kalsiyam, suka ɗauka shi ke kunna nunar. A 1990 Witchel da Steinhardt suka nuna cewa ƙwai na iya nuna ko da an danne shi, kuma tashin kaɗai ba ya nunar da ƙwai. Ganinsa kafin narkewar GV ba hujja ba ce cewa shi ya narkar da shi.

9. Shirya maniyyi

A ciro yankin jakar maniyyi, a saka a ƙaramin bututu babu ruwa, a ɗora kan ƙanƙara ko a firji a digiri 4. A haka yakan yi kwanaki. Da an tsarma shi da ruwan teku ƙarfinsa ya fara raguwa, don haka sai ana saura minti biyu ko uku a tsarma: maikrolita 1 a mililita 1 zuwa 2.

A duba motsinsa. Maniyyin tauraron teku yakan yi kasala a ruwan teku zalla, histidin tsakanin 0.1 da 1 mM yana tayar da shi. A gwada tsarmin a kan ƙwan shaida, a nemi mafi ƙarancin adadin da zai sa kusan dukkansu su tayar da lulluɓi.

10. Mintin zuba maniyyi

Tagar tana tsakanin narkewar GV da fitar ɗan ƙullun rabuwa na farko, wanda yakan ɓullo a saman ƙwai awa ɗaya ko fiye bayan homon. A Patiria, minti 40 zuwa 50 bayan 1-MA lokaci ne mai kyau. Masu aiki da aranciacus sukan jira kimanin minti 70. Duk abin da aka zaɓa, a tsaya a kansa a kowane gwaji.

Dalilin jiran shi ne ƙwan yana sake tsara kansa. Ma'ajiyar kalsiyam ta ciki, wato ER, tana canza siffa, zaren aktin na gefe yana sake jeri, ƙananan ƙunshe-ƙunshen da ke ƙarƙashin fata suna daidaita zama. Chiba, Kado da Jaffe sun nuna a 1990 cewa nunannen ƙwai ya fi ɗanye saurin amsa IP3, sinadarin da ke buɗe ma'ajiyar, da kusan ninki 100. Wanda ya yi gaggawa zai ga maniyyi da yawa sun shiga, haske ya taso daga wurare daban-daban ba ƙarfi, lulluɓi ya tashi rabi da rabi. Wanda ya bari ƙwai ya tsufa bayan ƙullun rabuwa sun fita, shi ma yakan gamu da shigar maniyyi fiye da ɗaya.

A fara sabon ɗaukar hoto kafin zuba maniyyi. Rini ya fi haske a cikin GV saboda babu ƙwayoyin gwaiduwa a wurin, kuma bayan narkewarsa rarrabuwar hasken ta canza. Ma'aunin tushe na kafin homon ba zai yi aiki a nan ba.

A zuba maikrolita 5 zuwa 10 na tsarmin a gefen ɗaki mai mililita ɗaya, a bar maniyyi ya iyo da kansa. A lafiyayyen ƙwai za a ga abu uku. Akwai walƙiyar gefe, inda duk zagayen ƙwai ke haskawa lokaci guda na 'yan daƙiƙu saboda kalsiyam ya kwararo daga ruwan teku ta ƙofofin da ke buɗewa idan lantarkin fata ya canza. Akwai igiya, wadda ke tasowa daga inda maniyyi ya taɓa ta ratsa zuwa ɗaya ɓangaren cikin minti ɗaya zuwa uku, gwargwadon jinsi da zafi. Ita daga ma'ajiyar ciki take. Sai lulluɓin haɗuwa da ke tashi a bayan igiyar, yayin da ƙunshe-ƙunshen gefe ke zazzage abin da ke cikinsu. Wani lokaci ɗan ɗigon haske a wurin maniyyi yakan riga walƙiyar bayyana, wannan ba matsala ba ce.

Gargaɗi: idan babu walƙiya kuma maniyyi ya kasa kamawa, a fara zargin ragowar ruwa marar kalsiyam, musamman idan an saka masa EGTA, sinadarin da ke kama kalsiyam.

11. Gwajin shaida

A zuba ruwan teku zalla daidai yadda aka zuba homon, don a ga abin da motsin ruwa kaɗai ke jawowa. A ƙarshen zama, a zuba ionomycin kimanin 5 zuwa 10 µM a kan ƙwan da suka ƙi haskawa. In sun haska, rini lafiya lau, matsalar ta ƙwai ce ko ta maniyyi. Mai aiki da rinin Fura-2, wanda hasken UV ke tayarwa, ya guji A23187, wani sinadari mai aiki irin na ionomycin, domin shi ma yana ƙyalli a hasken UV. Duk maganin da aka narkar a DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, a gwada DMSO ɗin shi kaɗai a adadi ɗaya.

Masu son toshe hanyar IP3 sukan yi allurar hefarin, amma a ƙwan tauraron teku yana hargitsa aktin na gefe, yana kuma jawo shigar maniyyi da yawa, don haka sakamakonsa na da wuyar fassara. Hanyar da ta fi tsabta ita ce wadda Carroll da abokansa suka bi a 1997, allurar yankin SH2 na PLCγ, furotin da ke samar da IP3, wadda ta jinkirta ko ta hana sakin kalsiyam a lokacin haɗuwa.

12. Lissafi

A buɗe hotunan a manhajar ImageJ ko Fiji. A cire hasken bango da aka auna a wurin da babu ƙwai. F0 shi ne matsakaicin hotuna 20 zuwa 30 na kafin zubawa, sannan a lissafa (F − F0)/F0 ga kowane hoto, inda F shi ne hasken hoton. A zana yanki uku: ƙwai gaba ɗaya, siririn zobe a gefe don walƙiya, da layi daga wurin maniyyi zuwa ɗaya ɓangaren. Gudun igiya shi ne nisa a raba da tazarar lokacin da kowane ƙarshe ya kai rabin ƙololuwarsa. Misali, maikromita 180 a daƙiƙa 90 ya ba da maikromita 2 a daƙiƙa.

Idan saman zanen ya miƙe ɗoɗar kamar tebur, ko kyamara ce ta cika, ko rini. Waɗannan rinin suna rabin cika a kusan 170 zuwa 190 nM idan ba su haɗe da dekstiran ba, alhali kalsiyam na haɗuwa yana kaiwa 1 µM ko fiye. Mai son kwatanta tsayin ƙololuwa ya nemi rini mai raunin kamu. Idan kuma tushen yana gangarowa tun kafin a zuba komai, haske ne ke cinye rinin, a rage shi.

Ƙwai 30 daga uwa ɗaya ba gwaji 30 ba ne. A maimaita da aƙalla mata uku.

Bayan an gama ɗaukar hoto, a mayar da kowane ƙwai kwanonsa mai lamba, a duba shi bayan 'yan awoyi. Wanda maniyyi ɗaya ya shiga zai rabu gida biyu daidai wa daida. Wanda ya rabu uku ko huɗu lokaci guda, ko ya karkace, maniyyi fiye da ɗaya ne, sai a ware bayanansa daban. Don tabbatarwa, a rina maniyyi da Hoechst 33342, rinin da ke kama DNA, kafin zubawa, a ƙirga ɗigon shuɗi a cikin ƙwai minti 10 bayan haɗuwa, bayan an kashe kyamarar kalsiyam don kada hasken UV ya shiga ma'aunin.